Burs ɗin ɗalibi a Nijar: tarihin alkawarin da ya rasa ƙafa ɗaya

Kusan kowace shekara, da zarar an koma karatu, kalma ɗaya ce ke cika gidajen rediyo daga Yamai har Damagaram: burs. Ɗalibai su ce an riƙe masu kuɗin wata uku ko wata shida, hukuma ta ce baitulmali ba shi da ƙarfi amma a ƙara haƙuri, iyaye kuwa su yi jugum suna jiran ranar da za a ce an rufe jami'a. Ɗan kasuwa yakan yi mamaki, ya ce ina dalilin biyan mutum don ya yi karatun da shi ne zai ci moriyarsa? Ɗalibi kuma yakan amsa da cewa haƙƙinsa yake nema, haƙƙin da na gaba da shi suka zubar da jini a kansa. Kowanensu yana da abin kamawa, amma gardamar ba ta ƙarewa, domin ana yin ta ba tare da an koma asalin abin ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, burs a ƙasarmu kafin alƙalami ne na albashi. Hukuma ta ƙirƙiro shi don ta ciyar da yaron da za ta ɗauka aiki gobe, shi kuma ya ɗaure kansa da yi mata hidima. Alkawari ne mai ƙafa biyu: kuɗi yau, aiki gobe. A shekarun 1980 ƙafa ta biyu ta karye, aka bar ta farko tana ɗingishi ita kaɗai, kuma yawancin rigingimun da jami'o'inmu suka gani tun daga lokacin daga nan suka samo tushe.

Wa ke ciyar da mai neman ilimi?

Tun kafin zuwan Nasara, mutanen wannan ƙasa sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Almajirin da ya baro Gobir ko Adar ya nufi gabas neman karatu yana rayuwa ne da abin da gari ya tanada masa: gidan da ya ɗauki nauyin ƙwaryar tuwonsa, kuɗin Laraba, zakkar hatsi da ake kai wa malam bayan girbi, da kuma gumin da shi kansa yake zubarwa a gonar malam da damina. Sarakuna ma sun sa hannu. A tsakiyar ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, masauki ga ɗalibansu da mahajjatansu. Daga baya masallacin Azhar ya keɓe wa ɗaliban Barno sashensu, inda ake raba masu gurasa daga dukiyar waƙafi.

Wannan ciyarwa ma tana da sakayya. Garin da ya ciyar da almajiri yana sa ran wata rana wani malami zai ja masa salla, ya raɗa wa ƴaƴansa suna, ya raba masa gado, ya karantar da yaransa. Ba a rubuta yarjejeniyar a takarda ba, amma kowa ya san da ita. Abin da Nasara suka kawo sabo shi ne takarda, da sa hannu, da kuma uban gida guda ɗaya tak, wato hukuma.

Lakwal ta Nasara da alkawarin shekara goma

Faransawa ba su buɗe lakwal a Nijar don kowa ya yi karatu ba. Bukatarsu ƴar kaɗan ce: tafinta, komi mai rubuta lanho, mushen da zai karantar da wasu, da ma'aikacin asibiti. Mutane kuwa gudun lakwal suke yi. Kumandan ne ke yanka wa sarki yawan yaran da zai kawo, kuma an sha ganin sarakuna sun ɓoye ƴaƴansu sun miƙa ƴaƴan bayi da na talakawa. Wanda aka kamo da ƙarfi ba a tambayar ubansa kuɗin makaranta. Dole hukuma ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta ba shi wurin kwana. Tushen ɗaukar nauyin ɗalibi a ƙasarmu ke nan.

Ƴan ƙalilan da suka yi fice ana tura su Senegal, makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913 kafin a mayar da ita Sebikotan a 1938. A can ake horar da malaman makaranta da ma'aikatan ofis na dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, da kuma masu shirin shiga makarantar likita ta Dakar. Bubu Hama, wanda ya fito a 1929 ya zama mushen lakwal na farko ɗan Nijar mai takardar Ponty, ta nan ya bi. Haka Jori Hamani da Jibo Bakari. Ɗan Ponty ba ya biyan ko dala ɗaya, har ƴan kuɗin kashewa ake ba shi. Sai dai yana sa hannu a kan alkawarin yi wa hukuma aiki shekara goma, wanda kuma ya saɓa sai ya biya abin da aka kashe masa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofa ta ɗan buɗe. Daga 1946 kowace ƙasar mallaka ta samu majalisarta, kuma aka fara ba ƴan Afirka burs na zuwa jami'o'in Faransa. A 1950 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Dakar, wadda ta zama jami'a a 1957. Cikin ƴan Nijar na farko da suka tsallaka teku akwai Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya yi firamare a Damagaram, ya wuce Ponty, ya tafi Paris, ya kuma ci babbar jarrabawar zama malamin kimiyyar fizik a 1956. Yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ɗaliban baƙar fata na Afirka a Faransa, FEANF, wadda aka kafa a 1950.

A nan ne burs ya nuna fuskarsa ta biyu. Hannun da ke bayarwa yana iya janyewa. Ɗalibin da ya cika sukar mulkin mallaka yakan wayi gari an yanke masa burs, kuma a ƙasar sanyi wanda aka yanke wa burs ba shi da zaɓi sai komawa gida. Gwamnatocin da suka gaji Nasara sun gaji wannan bulala tare da sauran kayan mulki. Ƴan adawa ma sun gane darajar abin: bayan an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, ta yi ta tura matasa karatu a Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai da burs ɗin waɗancan ƙasashe, da yawansu kuma sun sha wuya kafin hukuma ta yarda da su da takardunsu bayan sun dawo.

Daga Dakar zuwa Harobanda

Ranar da Nijar ta samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Ƙasa mai mutum miliyan uku da ɗoriya ta wayi gari tana bukatar likitoci, alƙalai, injiniyoyi da malaman lise, alhali masu digiri a cikinta ana iya ƙirga su da yatsu. A irin wannan hali babu wanda ya yi tunanin tambayar ko ɗan wane ya cancanci taimako. Duk wanda ya ci bak tamkar ƙwai ne a hannun gwamnati: ta biya masa jirgi zuwa Dakar, Abijan ko Faransa, ta riƙa aika masa kuɗi kowane wata, ofis kuma yana jiransa tun bai gama ba. A wannan shekara ta 1960 ne aka kafa ƙungiyar ƴan makarantar Nijar, USN, wadda ta haɗa ɗan kolaji da ɗan lise da ɗan jami'a a inuwa ɗaya.

Gargaɗi na farko daga Dakar ya zo. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, ganin masu cin bak sun yi yawa, gwamnatin Senegal ta karkasa burs, wasu kashi biyu cikin uku, wasu rabi, ta kuma mayar da biyan wata goma maimakon goma sha biyu. A watan Mayu 1968 ɗalibai suka shiga yajin karatu, jami'an tsaro suka afka wa jami'a, ƙungiyoyin ƙwadago suka mara wa ɗalibai baya, har kujerar Shugaba Senghor ta girgiza. Aka rufe jami'ar, aka kwashe ɗaliban sauran ƙasashen Afirka aka mayar da su gida. Shugabannin yankin sun ɗauki darasi biyu: taɓa burs wasa da wuta ne, kuma gara kowace ƙasa ta tara ɗalibanta a gida inda idonta ke kansu, ga shi kuɗin da za a kashe bai kai na waje ba.

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai da ɗalibai ɗari da ƴan kai, a 1973 ta zama jami'a, Bubakar Ba masanin lissafi ya zama shugabanta na farko. Aka gina ta a Harobanda, hayin kogin Kwara, a lokacin gadar Kennedy ce kaɗai ke haɗa ta da fadar gwamnati da ma'aikatu. Wannan gada za ta dawo cikin labarinmu.

Zamanin uraniyom: cikar alkawari

Sojoji sun kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, bayan fari mai tsanani da kuma shekaru na yajin ƴan makaranta. Mulkin Saini Kunce ya yi sa'ar kasuwa: an fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ma'adinin Akuta ya biyo a 1978, farashi kuma ya hau a tsakiyar shekarun 1970. Kuɗi suka shigo, aka gina ma'aikatu da hanyoyi, aka ɗauki ma'aikata.

A wannan zamani ne alkawarin ya kai ƙololuwarsa, ƙarƙashin tsarin da ake kira programmation da Faransanci, wato tsara makomar ɗalibi tun daga ranar da ya ci bak. Kowace ma'aikata tana faɗin yawan mutanen da za ta bukata nan da ƴan shekaru, sai a rarraba sababbin ɗalibai a kan wannan lissafi. Wanda aka rubuta wa ma'aikatar ilimi ya san alli zai riƙe, ko da ransa yana son shari'a. Wanda aka rubuta wa ma'aikatar noma ya san gandun gwamnati zai nufa. Ba a cika tambayar ra'ayin yaro ba, kuma wannan ya danne baiwar mutane da dama. Amma ɗan manomi daga Mayayi ko Tanut, wanda ubansa bai taɓa riƙe jika goma a dunƙule ba, yana iya zama likita ba tare da an sayar da akuya ko ɗaya ba. Yawancin malaman da suka karantar da tsararmu a lise Ɗan Baskore na Maraɗi, ko Amadu Kuran Daga na Damagaram, ko Agabba na Tawa, ta wannan hanya suka fito.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da wannan tsari ya dasa a zukata. Ɗalibi ya ɗauki kansa ma'aikaci mai jiran gado, burs kuma albashinsa na farko. Iyaye a ƙauye ma haka suka ɗauke shi: yaron da ya shiga jami'a ya fara cin kuɗin gwamnati, don haka ana sa ran ya aiko da na goro da na cefanen salla. Wannan fahimta ta daɗe bayan dalilinta ya gushe.

Karyewar ƙafa ta biyu

Daga 1980 farashin uraniyom ya fara faɗuwa, bashin da aka ci a shekarun wadata ya zo biya, farin 1984 ya ƙara dagula al'amura. Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun ba da lamuni na duniya, FMI, a 1983, sannan da Bankin Duniya. Sharuɗɗan sanannu ne: a rage kashe kuɗi, a taƙaita ɗaukar ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati. Game da ilimi, masana Bankin suna da hujjar da suke maimaitawa a duk ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Sun ce abin da ake kashe wa ɗan jami'a ɗaya zai karantar da yaran firamare masu yawa, kuma babban kaso na kasafin ilimi mai zurfi yana tafiya ne a burs da abinci da masauki, ba a littattafai da ɗakunan gwaji ba. Shawararsu ita ce a mayar da kuɗin firamare, a rage burs, a tsaurara sharuɗɗan samunsa.

Hujjar ba ta rasa gaskiya ba, domin a lokacin yawancin yaran Nijar ko ƙofar aji ba su taɓa gani ba. Abin da ta manta shi ne firamare ba ta tsayuwa sai da malamai, malamai kuma wani ne ke horar da su. Abdu Mumuni, wanda ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya riga ya nuna a littafinsa L'éducation en Afrique na 1964 cewa ilimin ƙasa jiki ɗaya ne, tun daga harshen da ake fara koya wa yaro karatu da shi har zuwa binciken kimiyya. Ga ɗalibai kuwa, maganar ta fi haka sauƙi: an toshe ƙofar aiki a gaba, yanzu kuma ana son a janye tabarmar da suke zaune a kai.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai suka taso daga Harobanda cikin lumana don nuna ƙin shirin gyaran ilimi na uku da aka ƙulla da Bankin Duniya. A kan gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta. Hukuma ta amsa mutuwar uku: Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru, ban da waɗanda suka jikkata. Bayan mako ɗaya dubban mutane suka fito a Yamai, ƴan ƙwadago suka haɗa kai da ƴan makaranta, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta amince da jam'iyyu barkatai. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Andire Salifu, USN tana cikin rukunonin da ke da ƙuri'a. Tafiyar da ta fara da zancen burs ta ƙare da sauya tsarin mulkin ƙasa. A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni, wanda ya rasu a Afrilun 1991.

Tun daga ranar burs ya zama abin da ba a taɓawa da sauƙi, domin an biya shi da rai. Amma taron ƙasa, duk da ya yi watsi da shirin tsuke bakin aljihu, bai haƙo rijiyar kuɗi ba. Shekarun 1990 suka zama shekarun bashi: ma'aikata suna bin albashin watanni, ɗalibai suna bin burs, yaji yana bin yaji, har aka soke wasu shekarun karatu ɗungum. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin littafi da na magani suka yi tashin gwauron zabi, waɗanda ke karatu a waje suka ga abin da ake aika masu ya narke. Ɗaukar aiki kai tsaye ta zama tarihi. Wanda ya gama sai ya yi hidimar ƙasa ta ɗan lokaci, daga nan ya shiga layin jiran gasar shiga aiki, ko ya karɓi alli a matsayin ɗan kwantaragi, tsarin da ya bazu tun daga ƙarshen shekarun 1990.

Yadda taimakon yake tafiya

Taimakon da hukuma ke ba ɗalibi kashi uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su a wurin gardama.

Na farko shi ne burs kansa. Wanda ya ci bak yana ajiye takardunsa, wani kwamitin ƙasa ya duba, ana la'akari da kasancewarsa ɗan ƙasa, da shekarunsa, da makin da ya samu, da fannin da zai karanta. Hukumar ANAB ce ke riƙe da sunaye da biya. Ba a bayar da shi har abada: ana sabunta shi ne bisa sakamakon jarrabawa, wanda ya yi ta faɗuwa kuma ya rasa shi. A shekarun 2010 ɗalibin digiri na farko a cikin gida yana samun jika 35 a wata, ana tara masa wata uku-uku, jika 105 ke nan a kowane biya. Don a gane nauyin wannan kuɗi, mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a 2012 sefa 30,047 ne, sai a 2024 aka ɗaga shi zuwa 42,000. Wato na tsawon shekaru burs ya ɗara albashin lebura mai iyali, abin da ke bayyana ɗacin ɗan kasuwa. Amma kuma jika 35 ba ta isar hayar ɗaki da abinci da kwafin darussa a Yamai, abin da ke bayyana kukan ɗalibi.

Na biyu shi ne agajin da ake ba waɗanda ba su samu burs ba, wanda ake biya dunƙule sau ɗaya a shekara, kuma bai kai burs ba ko kusa. Na uku, wanda ba a cika lissafawa ba alhali yana cin kuɗi mai yawa, shi ne hidimomin jami'a da cibiyoyin CROU ke gudanarwa: ɗakin kwana mai araha, gidan abinci da ake shiga da tikiti mai rahusa, motocin safa, da ɗakin shan magani. A kan wannan a ƙara kuɗin rajista, wanda a jami'o'in gwamnati bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na makarantu masu zaman kansu. Akwai kuma burs na ƙasashe abokan hulɗa, irin su Maroko, Aljeriya, Masar, Saudiyya, Turkiyya, Sin da Rasha. Wannan kafa tana bin iskar siyasa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da bizar ɗalibai da tallafinta ga Nijar, yara da dama da suka riga suka samu gurbi suka rasa tafiya.

Babbar cutar tsarin ita ce jinkiri. Kuɗin da ya zo bayan wata biyar ba na ɗalibi ba ne, na mai shago ne da mai gidan haya da duk wanda ya ranta masa. Jinkiri yana haifar da yaji, yaji yana tura shekarar karatu ta hau kan wadda ke bi mata, digirin shekara uku ya ci huɗu ko biyar, ɗaliban da ya kamata su fita su bar wa wasu gado da kwano suna nan, kuɗin da ake bukata ya ƙaru, jinkiri ya sake dawowa. Ranar 10 ga Afrilu 2017 wannan zagaye ya sake cin rai: ɗalibin jami'ar Yamai Mala Bagale ya rasu lokacin da jami'an tsaro suka tarwatsa masu zanga-zangar neman biyan burs da gyaran yanayin karatu.

Jami'a ta zo gida

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda a yau ke ɗauke da sunayen Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, Jibo Hamani da Andire Salifu. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan ma wani nau'in taimako ne, ko da yake ba ya shiga aljihu. Yarinyar Tibiri ko Mirriya da iyayenta ba za su taɓa barinta ta tafi Yamai ita kaɗai ba, yanzu tana iya karatu tana kwana gidan gwaggonta. Sai dai yawan ɗalibai ya ninka sau da yawa. Jami'ar da ta fara da ɗari da ƴan kai ta haura 20,000 a shekarun 2010, ƙasar da ke da mutum miliyan 17 a ƙidayar 2012 ta wuce miliyan 25. Rigar da aka ɗinka wa ƴan ɗaruruwa ita ake son dubun dubata su saka.

Akwai kuma tambayar adalci da ba a son yi da ƙarfi. Duk malamin da ya riƙe ajin ƙarshe na lise ya san su wa ke cin bak da ƙuruciya da maki mai kyau: galibi ƴaƴan birni ne, waɗanda aka sa lakwal da wuri, ake biya masu darasin gida, suke da fitila da dare. Ɗan ƙauye yakan shiga a makare, ya zauna gidan mariƙi a garin da ba nasa ba, ya maimaita aji, ya iso bak shekarunsa sun ja. Sharaɗin shekaru da na maki, waɗanda a takarda ba su nuna bambanci, a aikace sukan fifita wanda ubansa ke iya ɗaukar nauyinsa, su bar wanda ba shi da kowa da ɗan agajin shekara.

Bashi, kyauta, ko sabon alkawari?

Maƙwabtanmu sun gwada wata hanya. Burkina Faso ta kafa asusun FONER a 1994 mai ba da agaji da rance. Ghana ta kafa asusun rancen ɗalibai a 2005. Nijeriya ta yi dokar rancen ɗalibai a 2023, ta sake ta a 2024, asusun NELFUND yana ba da bashi maras ruwa da za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Rance yana da kyan gani a takarda, domin kuɗin yana juyawa. Amma ana karɓo bashi ne daga mai albashin da aka san inda yake, kuma a ƙasar da mafi yawan masu digiri ke neman na kansu a kasuwa ko suna kwantaragi, wanda zai fi jin tsoron cin bashin shi ne ɗan talakan da aka ce don shi aka yi.

Tarihin da muka bi yana nuna wata mafita da ta fi kusa da al'adarmu. Da farko, abin da aka yi alkawari a biya shi ran da aka ce, ko da kaɗan ne, domin kaɗan mai zuwa kan lokaci ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba. Na biyu, a sa ƙarfin iyaye da nisan gida cikin ma'auni, kusa da maki, don kuɗin manomi ya koma ga ɗan manomi. Na uku, a mayar wa alkawarin ƙafarsa ta biyu. Gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa aiki ba kamar zamanin Kunce, amma kolejojin karkara suna kukan rashin malaman lissafi da kimiyya, asibitocin ƙauye suna kukan rashin ma'aikata. Burs mai ƙarfi ga wanda ya yarda ya yi wasu shekaru a inda ake bukatarsa, da albashin da aka tabbatar masa, ciniki ne da ɗalibi da manomi duk za su gane.

Ƙungiyar ɗalibai tana da gaskiya idan ta tuna da 9 ga Fabrairu, kuma wajibi ne ƙasa ta tuna tare da ita. Ɗan kasuwa ma yana da gaskiya idan ya tambayi abin da zai dawo masa daga harajinsa. Garin da ya ciyar da almajiri ya san amsar wannan tambaya, hukumar da ta tura yaro Ponty ma ta sani. Mu ne muka shekara fiye da talatin muna biya, ko muna kasa biya, ba tare da mun zauna mun faɗa wa juna abin da kowane ɓangare ke bin ɗan'uwansa ba. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan mutum biyu ke ɗaukarsa.